Ɗaurin Jitar Harlan Pruitt

Pomeroy, Ohio
Satumba, 1997

Kawu Lowell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da duk wanda ke tare da kai a wannan tsibiri. Na san sai ka jujjuya ambulan ɗin nan kafin ka gane mai shi. Noreen ce, ’yar Harlan Pruitt. Rabonka da ni tun ina rarrafe. Kaka Opal da ta haifi mahaifin Baba yayar kakarka ce, don haka ko ka so ko ka ƙi, kai kawuna ne. Goggo Fern ce ta ba ni adireshinka a coci, ta ce ba ka da waya, kwale-kwale ke kai muku wasiƙu idan teku ta ga dama.

Mu nan sai godiya, amma Baba ba lafiya. A watan Yuli ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun dama ya tafi, babban yatsa kaɗai ke ɗan motsi. Magana ma ta tafi. Hannun hagu kuwa garau yake.

Ga abin da ya sa na rubuto. Yana asibiti na ga tsirkiyoyin jitarsa sun yi tsatsa, sai na ce bari in yi abin kirki. Na kai ta shago aka sa mata sababbi, mai shagon ya ɗaure ta, wato ya daidaita amon tsirkiyoyin, yadda kowa ke ɗaure jita. Ni ban san cewa tun kafin a haife ni jitar Baba ba ta taɓa zama a ɗaurin mutane ba. Ashe ko tsirkiya zai canja, ɗaya-ɗaya yake cirewa don kada ɗaurin ya bar jikinta.

Ranar da ya dawo gida na ɗora masa ita a cinya ina murna. Yatsun hagu suka hau inda suka saba, ya ja babban yatsa a kan tsirkiya. Kawu, sai ka ce an zubar da akwatin cokula. Ya sake gwadawa. Sannan ya ɗaga hannunsa na hagu ya zuba masa ido, hannun da ya rage masa, kamar ya kama shi yana cin amanarsa. Ya ture jitar. Tun daga ranar ya juya fuskarsa ga bango, abinci ma sai ya datse haƙora. Na faɗa masa har muryata ta dushe cewa laifina ne, ba kansa ne ya lalace ba. Likita ta ce magana gutsi-gutsi take isa gare shi. Abin da kunnensa ya ji daga jitar nan shi ya gaskata.

Na koma wurin mai shagon da faifan Jirgin Fito, ƙungiyar su Baba, wato guda ɗayan nan da suka taɓa yi. Ya saurara ya ce ganga da jitar lantarki sun danne ta Baba, ya yi ta laluben ɗauri bai dace ba. A ƙarshe ya ce, “Ai wannan amon irin na ƙungiyar Jan Rumbu ne. Masoyansu har yau gardama suke a kan yadda Lowell Tackett ke ɗaure jitarsa.” Na ce masa Lowell Tackett kawuna ne, ya yi dariya yana zaton wasa nake.

’Yan ƙungiyar Baba biyu sun rasu. Mai gangar yana nan, amma bai san bambancin tsirkiya da igiyar shanya ba. Tunda a wurin Baba kuka ɗauki ɗaurin nan, kai kaɗai ka rage a duniya da ya san shi. Don girman Allah ka aiko mini.

’Yarka,
Noreen


Pomeroy
Oktoba

Kawu Lowell,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan lafiya ce ta hana ka amsa ba wani abu ba. Kullum sai na tare mai kawo wasiƙu tun daga bakin titi, har ya fara sunkuyar da kai idan ya hango ni.

Baba na ƙarewa. Da mutum biyu ke ɗaga shi daga gado zuwa keken guragu, yanzu ni kaɗai nake yi ba tare da nishi ba. An sa masa robar abinci ta hanci, ya sa hannun hagu ya fizge ta. An mayar, ya sake fizgewa. Likita ta ce ba za su ɗaure hannun dattijo mai hankalinsa ba, kuma ni ma ba zan yarda ba.

Idan wasiƙata ta farko ta ɓata, ga ta a taƙaice: ina neman yadda kake ɗaure jitarka. Idan kuma ta iso ka ajiye ta, to ka sani tsoro ya cika ni, ban san wanda zan kama ba.

Noreen


Tsibirin Lasqueti
Oktoba

Noreen ’yata,

Takardarki ta same ni lafiya, sai dai gwiwa, ita kuwa ba ta jin magani. Na gode da gaisuwa. Allah ya ba babanki sauƙi. Iska ce ta hana kwale-kwale zuwa, sai shekaranjiya na karɓa.

Na karanta ina tausayi har na iso kan “a wurin Baba kuka ɗauki ɗaurin nan”. Nan na ajiye na fita na faskara itace. Hannunki ne a takardar, amma muryar Harlan nake ji. Yana nan kwance yana nuna miki abin da za ki rubuta da gira, ko ba haka ba? Na san halin kayana. Muna yara ya taɓa ƙin cin abinci har aka kira fasto, don kawai an hana shi hawa babur.

To bari ki ji abin da ba a faɗa muku a gidan nan. A shekarar sittin da shida ni ɗan makaranta ne mai ɗaura laktai, ina rera waƙoƙin tsofaffi a hankali a gidajen shan kofi, mutane na tafa mini da yatsa biyu. Na zo hutu aka ce Harlan na wasa a zauren ’yan kwana-kwana. Na shiga na tarar ya ɗauko “Ruwa Ya Ci Gonar Taba”, waƙar da Kaka Opal ke yi mana tana ɓarar wake, ya sa mata ganga da jitar lantarki. Dattawa suka tashi suka fice, wata tsohuwa har tana tofar da yawu. Ni kuwa ƙafata ta ƙi ɗaguwa. A ƙarƙashin duk wannan hayaniya jitarsa na wani irin gurnani da ba ya yankewa, irin na jirgin kwal idan hazo ya rufe kogi. Waƙar da na sani tun ina goye, ranar na fara jin cewa mutane ne ruwan ya ci ba taba ba. Har gobe ban ji abin da ya kai ta ba, kuma kada ki faɗa masa.

Na koma gida na yi ta murɗa kunnuwan jitata har na tsinke tsirkiya biyu, na nemo abina da kunnena. Wanda ya ji ƙamshin miya a gidan maƙwabta ya koma ya dafa tasa, ɓarawo ne? Shi kuma fa? Jirgin Fito da murya ɗaya suke waƙa, kamar mai tallan kifi, har suka ji mu Jan Rumbu a wani taron kiɗa mu uku muna jera murya, ɗaya sama ɗaya ƙasa ɗaya a tsakiya. Shekara na zagayowa sai ga su da murya uku. Wa ya kira shi ɓarawo? Haka abin yake tafiya, kowa na ɗiba daga tulun wani. Shi kansa gurnanin ai daga ’yar molon Kaka Opal ya samo shi, wadda take kwantarwa a cinya.

Amma da aka fara sa waƙarmu a rediyo, babanki ya gaya wa ɗan jarida cewa ɗan’uwansa ya yanke masa aljihu. Na rubuta masa, takardun suka dawo ba a buɗe ba. Yanzu kuma yana so in aiko, a kuma kira ni mai ɗauka a takarda guda. Tunda kin ce hagunsa garau yake, ya ɗauki biro ya rubuto “don Allah”. Kalma biyu ce.

Kawunki,
Lowell


Pomeroy
Nuwamba

Kawu,

Na ji daɗi da kana raye, Allah ya sawwaƙe gwiwa. Gaisuwata ke nan, ba ni da ƙarfin wadda ta fi haka.

Baba bai nuna mini komai da gira ba. Bai san na rubuto maka ba. Sunana ma ba ya iya faɗa, kuma biro a hannunsa tsinke ne, haruffa sun gudu tare da magana. Kalmar nan tawa ce. Na tashi ina jin ta a gida kamar yadda nake jin sunan kogi, ban taɓa tsayawa na auna ta ba. Goge ta ka sa wadda kake so. Kun aro, kun gada, kun tsinta a hanya, shi ya ɗauka a wurinku. Zan tsaya a gaban coci ranar Lahadi in faɗa da ƙarfi idan shi ne kuɗin ɗaurin. Tsofaffi biyu kuna jan igiya, ni ce a tsakiya, kuma ɗaya daga cikinku ƙasusuwansa ake ƙirgawa ta cikin riga.

Ka ce kada in faɗa masa kana son waƙarsa. To ni zan faɗa maka tasa. Duk faya-fayan Jan Rumbu suna nan a falo, ba wanda babu. Yakan ce shaidu ne, ya ajiye su saboda ranar da zai kai ka kotu. Mama takan ce, “Harlan, ni ban taɓa ganin shaidar da ta sha allura har ta yi fari ba.” Ran Lahadi da yamma yakan sa “Matar Mai Haƙar Kwal”, ya tsaya a gaban lasifika hannu a ƙugu. Idan an zo inda ganga ke yin shiru muryoyinku uku su rage su kaɗai, sai ya girgiza kai ya ce, “Ɗan banza. Ya iya.” Sannan ya mayar da allura farko.

Makon jiya na sa masa ita. Yatsun hagu suka fara tafiya a kan bargo, suna kama wuraren kiɗa. Can sai ya lura da su, ya tura hannun ƙarƙashin cinyarsa ya danne, hawaye na bin kunnensa. Ruwa kaɗai yake karɓa yanzu, da ɗan romo idan na yi kuka. Likita ta daina maganar watanni.

Ba zai rubuta “don Allah” ba. Ni na rubuta, ga shi kuma: don Allah, Kawu.

Noreen


Tsibirin Lasqueti
Nuwamba

Noreen,

Ina lafiya. Takardarki ta Oktoba da wannan a kwale-kwale ɗaya suka zo, na karanta su a tsaye a bakin gaɓa. Da ta Oktoban ta riga isowa, da ba ki ga waccan wauta tawa ba.

Yanzu ki daure, don abin da zan faɗa ba daɗi. Ɗaurin babanki ba ya hannuna. Nawa nake da shi, kuma ba ɗaya suke ba. Na san na kama tsirkiya biyar daga cikin shida, domin idan na bi waƙoƙinsa komai na zama daidai sai wani wuri guda da ke kuɓuce mini. Wace tsirkiya ce, sama take ko ƙasa, ban taɓa ganewa ba. A zamaninmu ɗauri sirri ne, kamar wurin da mai fatsa ke samun kifi. Harlan ya fi kowa. Idan zai gyara jita a kan dandamali sai ya juya wa jama’a baya, har da ’yan ƙungiyarsa, ya rufe kunnuwan da ƙirjinsa. Na sha biyan kuɗin shiga in tsaya a gefe ina miƙa wuya, ƙeyarsa kawai na haddace.

Wannan tsirkiya guda ita ce bambancinmu. Waƙoƙinmu suna da haske, shi ya sa rediyo ta so su, ana iya wanke mota da su. Tasa kuwa idan ta shiga kunne sai mutum ya tuna wanda ya binne. Mu muka sayar da faya-fayai, amma duk makaɗin da ya zo bayanmu ya ce ya koya daga Jan Rumbu, a raina nakan ce yaro, inuwa ka gani, bishiyar na Pomeroy.

Ga kaset na sa a cikin ƙunshin nan. Na kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya daga mai kauri zuwa siririya, ina faɗa miki inda za ki murɗa. Kin ce kina coci, to kina da kunnen da zai daidaita murya biyu. Kada ki kai shago. Ban taɓa ba kowa wannan ba, ko matata ta biyu da ta nema da kuka.

Tsorona shi ne ya ji abin ya kusa amma bai kai ba, ya ƙara tabbata cewa kansa ne ya ɓaci. Zai iya zama turin ƙarshe. Ba ni da abin da ya fi wannan, kuma ke ce a ɗakin, ke za ki yanke.

Lowell


Pomeroy
Disamba

Kawu Lowell,

Gaisuwa da godiya, Allah ya saka. Zauna kafin ka karanta, saboda gwiwa.

Na aro rediyo mai kaset a wurin matar fasto, na shige kicin na rufe ƙofa, na yi ta bin muryarka har shidan suka zauna. Sannan na jingine jitar a bayan firji na kasa kai masa. Maganarka ta turin ƙarshe ce ta hana ni. Sai da na ga ya mayar da romon ma, na ce to me ya rage da zan lalata?

Na zaunar da shi a keke na ɗora masa. Ya kau da kai. Na kama babban yatsan nasa na ja shi a kan tsirkiya da kaina. Kawu, ɗakin ya cika. Ban san haka katako ke magana ba. Idanunsa suka buɗe, hannun hagu ya fito daga bargo shi kaɗai ya hau wuyan jitar. Ya kama wuri na farko, daidai. Na biyu, daidai. A na uku sai fuskarsa ta yamutse, na ce a raina shi ke nan na kashe ubana.

Amma ba hannunsa ya kalla ba. Jitar ya harara, irin hararar da yake yi wa karen maƙwabta idan ya shiga masa lambu. Ya sake kaɗawa, ya yi tsaki. Tsaki, Kawu, rabon da in ji shi tun Yuli! Sai ya kai hannun hagu ya tura taya ɗaya. Ka san keke idan an tura taya ɗaya juyawa yake. Ya juya ya ba ni baya. Na ji ƙiiit na kunnen jita, sai yatsa, sai ƙiiit. Ya daɗe yana yi, don da yatsa ɗaya yake laluba. Ni dai ina tsaye na toshe bakina da tawul.

Daga nan sai “Ruwa Ya Ci Gonar Taba”, a hankali, tana ɗingishi, amma ita ce, da gurnaninta. Da ya gama ya juyo yana haki, ya nuna jitar da haɓa, ya ɗaga gira. Na ce, “Kawu Lowell ne ya aiko.” Bakinsa ya yi ta kokawa, har na matso in share masa. Sai ya ce, “Lowell.” Ya huta. Ya ce, “Kurma.”

Maganarsa ta farko ke nan, kuma taka ce, sai ka yi haƙuri da ita. Da yamma ya ci wake da burodin masara, rabi a baki rabi a riga. Likita ta ce jikin ya riga ya yi nisa, kada in sa rai da yawa. Na ji ta, amma yau dai na dafa abinci an ci.

’Yarka,
Noreen


Tsibirin Lasqueti
Disamba

Noreen ’yar albarka,

Lafiya lau, har na manta da gwiwa na taka rawa a kan gadar kwale-kwale, mai kawo wasiƙu ya ɗauka giya ce. Kurma! Ki ce masa kurman ne ya tashe shi daga kabari, ya ci wake ya yi ƙarfi ya zage ni da kyau.

Yanzu ni ne mai roƙo. Wace tsirkiya ya taɓa? Sama ya yi da ita ko ƙasa? Ki tambaye shi, ki ce Lowell ya ce don Allah. Gashina ya yi fari a kan wannan tambaya.

Kawunki kurma


Pomeroy
Janairu, 1998

Kawu,

Ina fatan kana lafiya. Baba ya rasu bayan Kirsimeti, ciwon ne ya sake dawowa, bai sha wuya ba. Mun binne shi kusa da Mama. Takardarka ta iso muna dawowa daga maƙabarta, don haka bai ji “don Allah” ɗinka ba.

Ya samu makonninsa. Kullum sai ya yi kiɗa, kullum sai ya juya mini baya ya gyara kafin ya fara. Lahadinsa ta ƙarshe ya ga rediyon matar fasto a kan tebur ya nuna shi, sai na sa masa kaset ɗinka. Ya saurari muryarka kana cewa wannan ce ta fari, wannan ce ta biyu, yana murmushi da rabin baki. Da ka gama ya tura kekensa har gwiwarsa ta taɓa teburin. Ya murɗa tsirkiya ɗaya ta koma irin taka. Sannan ya ɗaga kan jitar saitin rediyon, ya murɗa ta a hankali ta koma tasa, yana fuskantar muryarka. Ni ina bayan keken, ƙeyarsa na gani.

Na san zan iya kunna kaset in gwada su ɗaya-ɗaya in gano maka. Ba zan yi ba. Sau ɗaya na taɓa jitar nan da niyyar alheri ka ga inda ta kai mu, kuma ba ni ya nuna wa ba, kai ya nuna wa.

Tana nan a kan kujerarsa yadda ya bar ta. Amma tsirkiyoyin sababbi ne, suna saki, kuma sanyi ya shigo da ƙarfi. Na toshe tagogi, na bar hita a kunne dare da rana, na hana kowa buga ƙofa. Jiya babbar mota ta wuce jitar ta yi amo ita kaɗai, na tsaya ina saurare, kuma ban tabbata amon makon jiya ne ba. Babu mai gyara ta yanzu.

Kada ka amsa wannan takarda, Kawu, babu lokacin jiran amsa. Ka hau kwale-kwalen da ya kawo ta.

Noreen